Zanen Kaka Mai Tsintsiya

Kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutu, ku bari in zagi kaina tukuna, don na fi ku sanin inda zagin zai fi zafi.

Ni ce shugabar masu tarba a cocinmu. Mu ne 'yan matan nan masu farar riga da farin siket da kuke gani a bakin ƙofa ranar Lahadi, muna washe haƙora muna cewa "barka da zuwa gidan Ubangiji." Abin da ba ku sani ba, kafin mu gama faɗin "barka" mun riga mun auna ku. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Takalmi muke fara dubawa, sai jaka, sannan hanci ya yanke hukunci. Mai ƙamshin turare a kai shi gaba, kusa da Fasto da fanka mai aiki. Mai ɗan dama-dama a ajiye shi tsakiya. Wanda kuwa duniya ta juya wa baya, akwai wani benci can ƙarshe, dab da ƙofa, ƙarƙashin fankar da ta mutu tun ina ajin yara. A tsakaninmu bencin haƙuri muke ce masa.

A nan Kaka Mai Tsintsiya take zama. Wata 'yar tsohuwa ce da ke sayar da tsintsiya a bakin titin coci. Kuturta ta cinye mata yatsu tun tana budurwa, ta bar ta da dungulmi. Ta warke tun kafin a haife ni, kowa ya sani, Fasto ma ya taɓa faɗa a gaban jama'a. Amma sani daban, zuciya daban. Kullum zane ɗaya take yafawa a kan rigarta, wani shuɗi mai hoton kifaye, ya koɗe har kifayen sun kusa ɓacewa. Ko makaho a cocinmu ya san wannan zane.

To, a tsakiyar sujada akwai lokacin gaisuwar salama, inda Fasto ke cewa kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu. Mu masu tarba a baya muke tsayawa, wato mu ne na kusa da bencin haƙuri. Sai muka samo dabara. Da Fasto ya fara gyara murya, kowace sai ta rarumo littattafan waƙa ta rungume a ƙirji da hannu biyu. In Kaka ta miƙo dungulminta, sai ki ɗan rusuna, ki kaɗa kai, ki ce "salama, Kaka," ki nuna littattafan da haɓa. Wa zai ga laifinki? Ai aikin Ubangiji ne ya cika miki hannu.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Mama Shugaba ce ta koya mana, shugabar zumuntar mata, wadda ɗaurin ɗankwalinta kaɗai ke hana mutum uku ganin Fasto. Ita ce ta ce mana, "Hannu cike ba ya gaisuwa, 'ya'yana." Ita ce kuma mahaifiyar Mai Kemis, saurayina.

Bari in ba ku labarinsa kaɗan. Dogo ne, mai tabarau, yana da shagon magani a kwanar layinmu, ga mota, ga natsuwa. Soyayyarsa kamar takardar likita take. Wasu samarin su rubuto "na kasa barci saboda ke," shi kuwa sai ya rubuto, "Kin sha ruwa isasshe yau?" Ranar da ya fi zaƙewa ya ce, "Ki rage zaƙi, ina son ki daɗe." Na karanta wannan saƙo har batirina ya mutu. Ina son sa, jama'a, ba da wasa ba.

Mamata kuwa ta fi ni son sa. Tun ranar da ya fara zuwa gidanmu ta cire ledar da ke kan kujerun falo, ledar da ko rasuwar Baba ba ta sa an cire ba. Safe da yamma waƙa ɗaya: "Auta, duk sa'o'inki sun tafi, ke kaɗai kika rage kina cinye min sabulu. In wannan ya kuɓuce miki, ki nemi wata uwar."

Sai ga saƙo daga Mama Shugaba cewa wannan Lahadin za ta dube ni da kyau, in na yi mata, iyayensu maza za su zo gidanmu. Kuma ranar ni ce zan ɗauki kwandon baiko, wato kuɗin da masu sujada ke bayarwa, daga ƙofa har gaban bagadi, a idon kowa. Mamata ta kai ni wurin tela aka ɗinka min sabon siket, fari ƙal, ya kama ni kamar a jikina aka yanka shi. Ta goge shi da kanta har sai da ya iya tsayuwa ba ni a ciki. Na sa takalmi mai tsini, na fesa turaren da nake ɓoye wa yayata.

Tun da aka fara wa'azi marata ke murɗawa. Na ce fargaba ce. Ashe baƙon wata ne ya zo ba sallama, tun kwanansa bai yi ba.

Fasto ya gyara murya. Na rarumi littattafaina.

"Ke, 'yar nan," in ji Kaka daga benci.

"Salama, Kaka." Na rusuna, na nuna littattafai da haɓa.

"Zo nan."

"Ina aiki, Kaka."

"Na ce ki zo."

A raina na ce yau kuma tsohuwar nan gaisuwar dole take so, ranar da duk idon surukata ke kaina? Na juya mata baya. Mawaƙa suka ɗauki waƙar baiko. Ban ankara ba sai na ji wani abu ya kewaye min ƙugu, mai tauri, mai ɗumi. Na waiga na ga dungulmi biyu a jikin sabon siket ɗina.

"Kada ki taɓa ni!"

Haka na ce. A cikin coci, da farar riga, minti kaɗan bayan na gama rera waƙar ƙauna da murya har da lanƙwasa.

"Rufe min baki," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Bayanki ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. Haka za ki ratsa coci?"

Jama'a, da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Ta riga ta cire zanenta ta naɗa min, tana danne bakinsa biyu da dungulminta, amma ɗauri ya gagara.

"Ajiye takardun nan ki ɗaure. Ni ba ni da yatsun ɗauri. Ko so kike in kama da haƙori?"

Na zubar da littattafan a ƙasa. Wajen karɓar bakin zanen hannuna ya sauka a kan nata. Na jira in ji wani abu, ban san ko mene ne ba, wataƙila yatsuna su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da na ji sai hannun tsohuwa mai kaushi, irin na kakata da ta rasu.

Na so in zille waje, amma Doguwa, mataimakiyata, ta riga ta danƙa min kwando tana tura ni. Fasto ya miƙo hannu yana jira. Haka na ratsa tsakiyar coci, sama farar riga da turare, ƙasa kifayen Kaka. Tun daga layin baya na ji ƙus-ƙus yana bina. Mai ganga ya ɓata kiɗa. Mamata ta rufe fuska da jaka. Mai Kemis ya cire tabarau ya goge ya mayar. Mama Shugaba kuwa ba ta ko motsa ba, ta dai bi zanen da ido daga ƙuguna har ƙasa, ta taɓe baki, ɗankwalinta ya karkata gefe.

Muna isa gida Mama ta tsayar da ni a tsakar gida.

"Kada ki shigar min da shi ɗaki! Cire shi nan."

Da sandar shanya ta ɗaga shi ta jefa a bokiti.

"Mama, ai rufa min asiri ta yi."

"Rufin asiri? Da jinin aka gani, a yi dariya a manta. Wannan kuwa har jikokinki sai an ba su labari. Wayyo ni, na cire leda a banza!"

Da yamma wayar Mama ta yi ƙara. Mama Shugaba ce. Mama ta durƙusa a kan tabarma tana amsawa, kamar matar na ganin ta. Na ji komai, don Mama ba ta iya waya sai a lasifika.

"Na ji dalilin," in ji muryar. "To, ba sai ta kira wata mai lafiya ta gaya mata ba? Yanzu ta fara taɓa mutane, gobe kuma jarirai za ta ɗauka. Ɗana magani yake sayarwa, mutane su ji matarsa na ɗaura zanen kutare, wa zai sake shiga shagon? Ki gaya wa 'yarki, tunda ita ce shugabar ƙofa, ranar Lahadi ta fitar wa tsohuwar nan da kujera baranda. Akwai lasifika a can, za ta ji wa'azi sarai. In ta yi haka, na san ta san gidan da za ta shiga. In ba ta yi ba, Ubangiji ya haɗa kowa da rabonsa."

"Za ta yi, Mama, za ta yi," in ji Mamata, tana harara ta.

Na rubuta wa Mai Kemis: "Ka ji abin da Mama ta ce?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can sai ga amsa: "Na ji. A likitance ba ta da abin da za ta sa wa kowa. Amma kin san Mama."

"To kai me ka ce?"

"Ki sha maganin ciwon mara bayan kin ci abinci."

Na kifa wayar.

Yanzu ga inda za ku tsane ni sosai. Na wanke zanen nan da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda ake wanke bayan gida da shi. Na sake wankewa. Na sa safar roba a hannu. Kifayen da suka rage ma suka ƙarasa mutuwa. Sannan na sayi sabon zane mai kyau, na haɗa su a leda, ina jin kaina wata waliyyiya. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki.

Tsakiyar mako na same ta a gindin katangar coci, tsintsiyoyi jere a kan buhu, tana korar ƙuda da gwiwar hannu.

"Sannu, Kaka. Na kawo miki zanenki. Ga kuma sabo, na gode."

Na miƙa ledar da bakin yatsu biyu. Ta kalli yatsun, ta kalle ni. Ta maƙale ledar a tsakanin dungulminta, ta ciro tsohon zanen da haƙori, ta shinshina. Sai ta fashe da dariya har da tari.

"Kai! Asibiti guda kika juye masa?"

"Don ya fita ne, Kaka."

"Me zai fita? Nawa ko naki?" Ta goge hawayen dariya da kafaɗa. "Ikon Allah. Zanena ne ya sha jininki, amma ke ce mai ƙyama. Ni da na koma gida da 'yar riga, iska na kaɗa ni, ban ce uffan ba."

Na ce, "In ba kya son sabon…"

"Wa ya ce ba na so? Kuturwa ce ni, ba wawiya ba." Ta tura shi ƙarƙashin cinyarta. "Zauna, kin tsaya min a kai kamar mai karɓar haraji."

Ba kujera, sai wani bulo. Na zauna.

"Ku na gaba fuskar Fasto kuke gani," in ji ta. "Ni ƙeyar kowa nake gani. Na san mai barci, na san mai latsa waya, na san wanda ke sa hannu a kwando ya fito da shi yadda ya shiga. Na kuma san takardunku. Ke har kin fi sauran iyawa, da ɗan rusunawarki."

"Kin sani, Kaka? To me ya sa kike ta miƙo hannu kowace Lahadi?"

"Fasto ya ce a miƙa. Ni dai na yi nawa. In na je gaban Mai Sama ba za a tambaye ni hannun wani ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ma gyara bakin wata tsintsiya ne. Shekara da shekaru ina tsaye a ƙofar gidan Yesu ina tantance masa baƙi, shi da bai taɓa ɗauka ta wannan aiki ba. Kuka ya ƙwace min a bakin titi, da majina da komai, janbakina ya dame.

"Kaka, ki yafe min."

"Na yafe. Amma kada ki jiƙa min kaya, ba mai sayen jiƙaƙƙiyar tsintsiya."

Ban iya gaya mata zancen baranda ba. A hanyar gida na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, ba ƙawa, ba lanƙwasa murya. Na ce, Ubangiji, na yi ƙyamar wadda kai ba ka ƙyamace ta ba, kuma da littattafanka na ɓuya. Ka gafarta min. Sai na ƙara da cewa, amma don Allah kada ka raba ni da Mai Kemis. Ku yi haƙuri, ni ma mutum ce.

Ranar Lahadi tun kafin in tashi Mama ta fito da wata farar kujerar roba ta goge ta tas, wai kada a ce an wulaƙanta tsohuwa. Ta sa ni na ɗauke ta har coci. Ina ajiye ta a baranda wayata ta girgiza, saƙon Mai Kemis ne.

"Ki yi yadda Mama ta ce, yau kaɗai. Bayan biki sai mu gyara."

Na karanta, na jefa wayar a aljihu. Motarsu ta shigo. Mama Shugaba ta fito da ɗankwali wanda ya fi na makon jiya tsawo, ta dubi kujerar, ta dube ni, ta gyaɗa kai ta wuce. Ɗanta na biye da ita riƙe da jakarta, bai yarda mun haɗa ido ba.

Can sai ga Kaka tana tafe a hankali, ta yafa sabon zanen, ta yi kyau abinta. Ta tsaya a gaban kujerar.

"Wannan ta wace ce? An yi sabon sarki ne?"

Na riga na shirya abin da zan yi tun a gida, har na ga kaina a ciki kamar a fim. Na ce, "Kaka, zo mu je. Yau layin gaba zan kai ki, kusa da Mama Shugaba, inda fanka ke aiki."

Na zaci za ta rungume ni. Sai ta yi min kallon sama da ƙasa.

"A'a, 'yar nan. Jiya ni abin ɓoyewa, yau ni abin nunawa? Ki ja ni gaba a yi ta kallona don a ce kin tuba? Ba da ni ba. Bencina ya san ni, na san shi. In zama da ni kike so, ai kin san hanya."

Ta wuce ni ta shiga, ta zauna a wurinta. Na tsaya a ƙofa kamar an dasa ni, kujerar roba a hagu, benci a dama. Doguwa ta matso ta raɗa min, "Ke, Mama Shugaba na waiwaye fa."

Na cire lambar shugaba daga ƙirjina na maƙala mata. Na je na zauna a bencin haƙuri.

Jama'a, wurin nan akwai zafi! Kafin a gama waƙar farko hodata ta zama kunu. Ƙusa ta kama min siket. Kuma gaskiyar Kaka ce, ƙeyar kowa ake gani daga nan. Na ga ƙeyar Mamata tana rawa, na san kuka take. Na ga ɗankwalin Mama Shugaba ya juyo, ya tsaya, ya koma. Ƙeyar Mai Kemis kuwa ko motsi.

Fasto ya gyara murya. Na ji ƙarar littattafai a bayana, 'yan matana suna raruma. Kaka ta miƙo dungulminta yadda ta saba, ba ta ko kalle ni ba. Na kama da hannu biyu.

"Salama, Kaka."

"Salama, jikata. Kai, hannunki duk gumi. Ki riƙa wankewa."

Ina dariya ina share hawaye sai na ga mutane na darewa a layin gaba. Mai Kemis ne ya miƙe. Uwarsa ta kama masa hannun riga, ya zare a hankali, ya ajiye mata jakarta a cinya. Ya fito tsakiya ya nufo baya, makullin mota a hannunsa, fuskar nan ba a karanta komai a kanta, kamar rubutun likita.

Kun dai tuna na ce muku bencin haƙuri dab da ƙofa yake. Mai zuwa wurinmu da mai ficewa daga coci hanyarsu ɗaya. Na ƙanƙame hannun Kaka har ta ce wash. Ya wuce layin tsakiya. Ya wuce Mamata, wadda ta daina kuka ta buɗe baki. Ya iso inda hanya ta rabu, ya tsaya, ya cire tabarau yana gogewa.

Kaka ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Matsa masa, 'yar nan. In ya zauna kin yi miji. In ya wuce mun samu wurin miƙe ƙafa."

Na matsa jikinta sosai, na bar masa wurin.